Yusef Lateef: Malamin Kiɗan Da Ya Zo Zariya Neman Sarewa

Kowace shekara idan an zo haɗa wannan littafi, mu 'yan ƙungiyar kiɗa da waƙa mukan kawo jerin abubuwan da muka yi ne kawai: ranar da muka yi waƙa a taron iyaye da malamai, ranar ba da kyaututtuka, da gaisuwar ban kwana ga waɗanda za su bar mu. Bana mun roƙi masu shirya littafin su ƙara mana fili, domin muna da labarin wani mutum da muke so 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu da iyayenmu su ji. Sunansa Yusef Lateef, wato Yusufu Latif in an faɗa da bakinmu. Baƙar fata ne ɗan ƙasar Amurka, gwanin busa saksofon, kuma malamin kiɗa mai digirin dakta. Ya zauna a Zariya shekara huɗu, daga 1981 zuwa 1985, kuma babban abin da ya kawo shi shi ne sarewar Fulani.

Dalilin da ya sa muka zaɓe shi ba ɓoyayye ba ne. A garinmu duk yaron da ya ce yana son ya karanci kiɗa, tambayar farko da za a yi masa ita ce, "Maroƙi za ka zama?" A cikinmu akwai waɗanda aka ce su bar ƙungiya su fuskanci lissafi da kimiyya, kuma bana ma mun rasa biyu ta haka, ɗaya daga cikinsu ita ce mai jan baki a waƙoƙinmu. Ba mu ga laifin iyayenmu ba, domin abu biyu suke tsoro, kuma duka biyun abin tsoro ne: kada yaro ya tashi ba shi da sana'ar da za ta riƙe shi, kada kuma kiɗa ya ja shi zuwa gidan giya. Mun ga rayuwar wannan mutum ta amsa duka biyun, shi ya sa muka ce bari mu kawo ta nan.

Bari mu fara da kayan busan kansa, domin da yawa sun san shi a ido amma ba su san sunansa ba. Saksofon shi ne ƙahon nan na tagulla mai lanƙwasa kamar lofe, wanda akan gani a hannun makaɗan soja ko na 'yan sanda ranar fareti. Wani maƙerin kayan kiɗa ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya ƙirƙiro shi, ya kuma yi masa rajista a birnin Faris a 1846, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Jikinsa ƙarfe ne, amma muryarsa daga kara take fitowa. A bakinsa akan ɗaura wani ɗan siririn ɓawon kara da aka feƙe, idan an hura iska sai ya yi ta karkarwa, ƙahon kuma ya ɗauki karkarwar nan ya mai da ita amo. Ta wannan fuska ɗan'uwan algaita ne, sai dai ita algaita harshe biyu ne a bakinta, shi kuwa ɗaya. Yana da maɓallai fiye da ashirin, kusan kowanne da 'yar fata a ƙarƙashinsa mai toshe rami.

Shi ma saksofon ɗin ya sha raini a ƙasarsu. Sojoji sun karɓe shi da wuri, amma manyan makaɗan Turai sun daɗe suna yi masa kallon baƙo. Sax da kansa ya koyar da shi a babbar makarantar kiɗa ta Faris, aka rufe ajin a 1870, ba a sake buɗe shi ba sai 1942, lokacin da aka ɗauki wani gwani mai suna Marcel Mule ya zama malaminsa. A tsakanin nan baƙaƙen Amurka suka ɗauke shi suka ba shi wata murya daban, wadda ta zaga duniya. Yusef Lateef ya sha daga rijiyoyin nan biyu, ta makaranta da ta 'yan'uwansa baƙaƙe.

Makarantarmu tana da saksofon guda ɗaya, tsoho, kuma mu shida muke karɓa-karɓa da shi. Da hunturu fatun nan kan bushe su riƙa yoyon iska, ɓawon karan kuma ya tsage, sai mutum ya jiƙa shi a baki na ɗan lokaci kafin ya yarda ya yi magana. Duk wanda ya fara hura shi, abin da ke fita ba shi da maraba da kukan jaki, kuma 'yan ajin da ke kusa da ɗakinmu shaida ne. Malaminmu na kiɗa kan sa mu riƙe murya ɗaya tak, mu ja ta har numfashi ya ƙare, ba ta rawa ba ta kaucewa, mu sake, mu sake, har tsawon zango guda kafin ya bar mu mu taɓa wata waƙa. Wata rana da ya ga mun fara gundura, sai ya ajiye darasi ya kunna mana busan wani tsoho, sa'an nan ya ba mu labarinsa. Abin da ya faɗa mana da abin da muka bincika daga baya, shi ne muka tattara a nan.

An haife shi ranar 9 ga Oktoba, 1920, a garin Chattanooga ta jihar Tennessee, aka raɗa masa suna William Emanuel Huddleston. A 1925 iyayensa suka koma Detroit, birnin ƙera motoci, a can ya girma. A makarantar sakandare, kamar wannan tamu, ya fara riƙe saksofon, kuma yana gamawa ya shiga bin ƙungiyoyin makaɗa gari-gari. A 1949 ya kai ga shiga ƙungiyar Dizzy Gillespie, ɗaya daga cikin manyan masu busa ƙaho na zamanin. Wajejen wannan lokaci ne ya karɓi Musulunci ta hannun ƙungiyar Ahmadiyya, ya kuma ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi.

Da wani ne, da ya ce ya iso ke nan. Shi kuwa a 1950 sai ya koma Detroit ya shiga jami'ar Wayne, yana koyon tsara kiɗa a rubuce da busa sarewar Turawa ta ƙarfe. Daga nan ya koyi obo, wadda ita ce algaitar Turawa mai harshe biyu. Bai tsaya nan ba, sai ya shiga neman kayan busa na Larabawa da na Indiya da na Sin, a lokacin da makaɗan Amurka kaɗan ne suka damu da su. A faifansa mai suna Eastern Sounds, na 1961, har da wata 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin mai siffar ƙwai ya busa. Bayan ya koma New York a 1960 ya yi aiki da Babatunde Olatunji, makaɗin ganga ɗan Nijeriya da ke zaune a can, sa'an nan daga 1962 zuwa 1964 ya kasance cikin ƙungiyar Cannonball Adderley, wadda sunanta ya kai ko'ina.

Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Mutumin nan da faya-fayensa ke kasuwa, ana biyan kuɗi a shiga kallonsa, sai ya sake ɗaukar jaka ya koma aji, ya zauna tare da sa'o'in 'ya'yansa a makarantar kiɗa ta Manhattan. Ya sami digirin farko a 1969, yana dab da shekara hamsin. Ya sami na biyu a 1970, a fannin koyar da kiɗa. Ya fara koyarwa a kwalejojin New York, kuma a 1975 jami'ar Massachusetts da ke Amherst ta ba shi digirin dakta a fannin ilimi, bayan ya rubuta kundi a kan tsarin ilimin Turawa da na Musulunci. A 1981 ya fitar da wani littafi mai kauri inda ya tattara matakan murya da salon karin waƙa iri-iri na al'ummomi daban-daban, kuma har yau masu koyon busa suna aiki da shi.

Akwai abu biyu a halinsa da muke so iyayenmu su lura da su. Na farko, bai yarda a kira kiɗansa da sunan jaz ba, ko da yake da sunan nan aka fi sanin irin kiɗan, domin yana ganin kalmar tana ɗauke da raini ga masu yinsa. Sai ya ƙirƙiro nasa suna, mai nufin kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa gaba ɗaya. Mu da ake jifa da kalmar maroƙi mun gane abin da ya ji. Na biyu, daga wajejen 1980 ya daina busa a wuraren da ake sayar da giya, alhali a irin waɗannan wurare ne yawancin abokan sana'arsa ke samun abinci. Ya zaɓi zauren taro da makaranta, ya haƙura da sauran.

To, wannan ne mutumin da ya sauka Zariya a 1981, yana da shekara sittin, a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya yi bincike a kan sarewa, ya koyar, ya kuma yi aiki kafaɗa da kafaɗa da makaɗa da 'yan wasan cibiyar. A 1983 ya ɗauki faifai a Legas tare da makaɗan ƙasar nan, wanda ya fito da sunan In Nigeria, akwai kuma wani faifan da ya yi da makaɗan cibiyar aka sa masa suna da Hausa, Hikima. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi da Turanci a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausawa, wanda aka buga a 1987. Ku duba fa: mutumin da ya ƙware a kan ƙaho mai maɓallai fiye da ashirin, ya ƙetaro teku domin ya zauna gaban masu busa ɗan kara mai ramuka kaɗan, ya tambaye su yadda suke yi.

Wannan ne ya tsaya mana a rai, domin da yawa daga cikinmu a Kwalkwalawa da kewayenta muka tashi. Duk wanda ya bi hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya san gadar nan da fadamar da ke ƙarƙashinta, da masunta, da masu noman rani. Da rani idan ruwa ya ja baya makiyaya kan gangaro da shanu bakin gulbi, kuma tun muna ƙanana mukan jiyo sarewa daga can da yamma, kamar yadda ake jin kukan tsuntsu, ba wanda ke tsayawa ya ce wane ne ke busawa. Motocin malaman jami'a da na ɗalibai suna wucewa ta bisa gada safe da yamma, sarewa tana ƙasa.

Wata Asabar muka roƙi malaminmu ya raka mu bakin gulbi, muka ɗauki saksofon ɗinmu a cikin akwatinsa. Muka sami wani dattijo makiyayi a gindin itace, muka durƙusa muka gaishe shi, malam ya ce, "Baba, yaran nan ne suka zo su ji busa, in ba za mu takura maka ba." Ya yi dariya ya ce, "'Yan boko kuma da sarewa?" Sa'an nan ya zaro ta daga cikin riga. Da ya gama busa ya miƙo mana ita, muka karɓa ɗaya bayan ɗaya, mu shida, ba wanda ya iya fitar da komai sai iska. Babu ɓawon kara a bakinta da zai yi wa mutum rabin aiki, leɓe da numfashi ne kawai. Mu da muke ganin mun yi zango uku muna koyon busa, sai muka koma 'yan aji ɗaya.

Abin da ya fi ba mu mamaki ya zo ne da muka fito da namu ƙahon, muka ce bari mu bi karin da ya busa. Wasu muryoyin sun hau daidai, amma wasu sai muka tarar ba su a kan kowane maɓalli. Ka danna wannan ya yi sama kaɗan, ka danna na kusa da shi ya yi ƙasa kaɗan. Malam ya bayyana mana cewa Turawa sun raba tsani na murya gida goma sha biyu daidai wa daida, a kan haka aka ƙera saksofon da molon Turawa da garayar majami'a mai maɓallai, amma sarewa da algaita da goge ba su san wannan rabo ba, suna da nasu ma'auni. In mai saksofon yana son ya taka inda sarewa ta taka, sai ya sassauta leɓe ya lanƙwasa muryar har ta faɗa tsakanin maɓalli biyu. A nan muka gane abin da ya kawo dakta daga Amurka. Akwai ilimin da ba ya cikin do-re-mi ɗin da muke rerawa a aji, kuma ba a samunsa sai a bakin masu shi. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Dattijon ya gaya mana cewa a wurin yayan mahaifinsa ya koya, a bayan shanu, shekara da shekaru, kuma cikin jikokinsa babu wanda ya nemi ya koya, waya ta ishe su. Wannan magana ta bi mu har gida. Ƙasar Sakkwato ƙasar manyan makaɗa ce. Ibrahim Narambaɗa, da Salihu Jankiɗi makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Musa Ɗanƙwairo, duk 'yan wannan yanki ne, kuma yau a jami'o'i ana rubuta kundaye a kan waƙoƙinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ma ta ba Mamman Shata digirin girmamawa na dakta. Amma su waɗannan an ɗauki muryoyinsu an adana. Mai sarewa na bakin gulbi, da mai algaita, da tsohuwar da ta iya kiɗan shantu, in suka tafi da abin da suka sani, shi ke nan ya tafi.

Bayan Yusef Lateef ya koma gida ya ci gaba da koyarwa a jami'ar Massachusetts da kwalejin Hampshire. A 1987 ya fitar da faifan da ya kira ƙaramar simfoninsa, inda shi kaɗai ya kaɗa ya kuma busa dukan kayan kiɗan da ke ciki, faifan ya ci kyautar Grammy. A 1992 ya kafa kamfaninsa na faya-fayai domin ya riƙa fitar da abin da ransa ke so. A 1993 ya rubuta wani dogon kiɗa a kan tarihin baƙaƙen Amurka domin babbar ƙungiyar makaɗa ta gidan rediyon birnin Kolon a Jamus. A 2010 hukumar raya fasaha ta Amurka ta ba shi babbar lambar da take ba gwanayen irin wannan kiɗa, wato dai kiɗan da shi bai yarda da sunansa ba. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 2013, yana da shekara 93, bayan ya yi fiye da shekara saba'in yana busa.

Ba muna cewa kowa ya zama mai busa saksofon ba ne, ko cewa duk wanda ya karanci kiɗa zai ci kyauta a Amurka. Abin da muke roƙo ƙarami ne. Iyayenmu, kiɗa yana cikin darussan da ake rubutawa a jarrabawar WAEC, ana karanta shi har digiri a jami'o'i kamar ta Nsukka, kuma kwalejojin ilimi suna horar da malamansa. Kun san daɗin waƙar da aka koya da kyau ranar Lahadi, to wani ne ya zauna ya koyi aikin kafin ya koyar da ita. Yaron da ya iya riƙe murya ɗaya na tsawon zango bai gaji ba, ya koyi haƙurin da zai amfane shi a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ma. Game da tsoron lalacewa kuwa, mun ga mutumin da ya yi rayuwarsa duka cikin kiɗa, ya kuma ja wa kansa iyaka bai ƙetare ta ba. Tarbiyyar da kuka ba mu ita ce za ta bi mu duk inda muka je, da ƙaho ko babu ƙaho.

Mu kuma 'yan ƙungiya mun ɗaukar wa kanmu aiki. A hutun nan mai zuwa kowannenmu zai nemi dattijo ko dattijuwa ɗaya a unguwarsu ko ƙauyensu mai kaɗa ko busa wani abin gargajiya. Zai gaishe shi da ladabi, ya nemi izni, ya tambayi sunan abin, da me ake yinsa, a wane lokaci ake kaɗa shi, a wurin wa ya koya, sa'an nan ya ɗauki amon a waya in an yarda. Mu da muka fito daga ƙabilu daban-daban, in kowa ya kawo nasa, za mu tara abin da ɗakin karatunmu bai taɓa samu ba. Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu kanta ɗaya a can mu ajiye. Dattijon bakin gulbi kuwa ya yarda biyu daga cikinmu su riƙa zuwa ranar Asabar har shanu su tashi, kuma ɗayansu ya riga ya fara fitar da murya biyu.

Ku yayyenmu masu fita bana, tafiya mabuɗin ilimi ce, muna yi muku fatan alheri a duk inda za ku. Wasunku za su zama likitoci, wasu injiniyoyi, wasu malamai. In kun sami digiri, ku tuna da mutumin da ya sami uku, sa'an nan ya zo ƙasarmu ya zauna yana tambaya. Muna godiya ga malaminmu na kiɗa da bai gaji da kukan jakinmu ba, da 'yan ajin maƙwabta da suka yi haƙuri da mu. Allah ya kai mu baɗi lafiya.

Ƙungiyar Kiɗa da Waƙa